Wa zai riƙe mana malamin lissafi a karkara?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, tsohon malamin lissafi, ya gabatar a gaban kwamitin ilimi na ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.



Shugaban taro, iyayenmu ardo da ruga da garso, iyayenmu mata, malaman makaranta da ke nan zaune, ƴan'uwana makiyaya, ina gaishe ku, ina yi muku barka da hanya, musamman waɗanda suka baro bisashensu a bakin rijiya hannun yara domin su halarci wannan zama. Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya tarar da garke cikakke.

An umurce ni in yi magana a kan taimakon da masu hannu da shuni ke bai wa malaman lissafi da kimiyya a makarantun ƴaƴan talakawa. Da wani abokina ya ji batun sai ya yi dariya, ya ce mini, malam, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da ke kukan burtali da ruwa da tsadar dusa, ina ruwanmu da malamin lissafi? Na ce masa tun da ka ambaci kaska, to bari mu fara daga kanta.

Ku ɗauki allurar ibamektin da muke yi wa shanu saboda tsutsar ciki da ƙwarin fata. A jikin kwalbar an rubuta mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. Saniya mai kilo 250 ke nan mililita 5 za a yi mata. To a daji ina ma'auni? Sai dai a zagaya ƙirjinta da igiyar awo, a duba takarda, a fitar da nauyin. In an rage magani tsutsa ba ta mutuwa, sai ma ta saba da shi, gobe ya daina yi mata komi. In an zarce an yi asarar kuɗi. Ga kuma ƙidayar kwanakin da za a jira kafin a ci naman dabbar. Duk wannan lissafi ne da kimiyya, kuma yaron da ya yi koleji da malami na ƙwarai zai yi shi a tsaye. Likitan dabbobi da muke roƙo a turo mana, da mai gyaran famfon hasken rana na rijiya, da unguwarzoma ta asibiti, babu wanda ya kai matsayinsa ba tare da ya bi ta hannun malamin lissafi ba. In ƴaƴanmu ba su samu wannan malami ba, to har abada baƙo ne zai zo ya yi mana waɗannan ayyuka, in ya ga dama ya zauna, in bai gani ba ya koma birni.

Kada kuma wani ya ce lissafi ba gadonmu ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, Bafulatani mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, masanin fizik ne da ya yi suna a kan binciken ƙarfin hasken rana, kuma da alli a hannu ya fara. Mutumin da ke duban garke sau ɗaya ya gane wace saniya ce ba ta dawo ba, ba kaifin kai ya rasa ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Lokacin da nake koyarwa a wata koleji ta karkara, wata ƙungiyar agaji ta zo ta gina mana ɗakin gwaje-gwaje. Gini mai kyau, da kwano da fenti, da allon ƙarfe a bakin ƙofa ɗauke da sunan masu taimako. Aka sauke akwatuna cike da madubin likita da kwalabe da ma'aunai. Aka yi buki, aka yanka rago, aka ɗauki hoto. Kafin watan azumi ya kama, malamin kimiyya guda ɗaya da muke da shi ya samu aiki a wani kamfani a birni, ya ɗaure kayansa. Ban ga laifinsa ba, domin wata uku ke nan albashinsa bai zo ba, matarsa kuma tana da ciki, asibiti mafi kusa tafiyar yini ce a amalanke. Darakta ya kulle ɗakin don kada kaya su ɓace a tambaye shi. Na bar makarantar nan akwatunan ba a kwance igiyarsu ba, gara ta fara cin na ƙasa. Yaran da suka yi jarrabawar BEPC a shekarun nan ba wanda ya taɓa leƙa madubin likita, alhali guda nawa ne ke kulle bayan bangon ajinsu.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin a duniya akwai mai kuɗin da ya gane cewa gini ba ya koyarwa? Akwai, kuma labarin ɗaya daga cikinsu nake so in daɗe a kai.

Sunansa Jim Simons, mutumin Amurka, an haife shi a 1938, ya rasu a watan Mayu na 2024. Shi asalinsa malamin lissafi ne na jami'a. Yana da shekara 23 ya samu digirin dakta, ya yi wa gwamnatinsu aikin warware saƙonnin asiri har aka sallame shi saboda ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam, sa'an nan a 1968 ya zama shugaban sashen lissafi a jami'ar Stony Brook. Daga baya ya bar jami'a ya shiga kasuwar hannun jari, ya kafa kamfaninsa Renaissance Technologies a 1982. Maimakon ya ɗauki ƴan kasuwa aiki, sai ya tara masana lissafi da kimiyya, suka riƙa amfani da lissafi da kwamfuta wajen saye da sayarwa. Allah ya buɗa masa, ya rasu da dukiyar da aka ƙiyasta ta kai wajen dala biliyan 31. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Wannan mutum ya fi kowa sanin ciwon, domin shi kansa yana cikin masu janye masana lissafi daga aji. Abin da ya lura da shi mai sauƙi ne: a ƙasarsu, duk wanda ya iya lissafi sosai kamfani zai biya shi ninkin abin da makaranta ke biya, saboda haka ƙwararru ba su shiga aikin koyarwa, waɗanda suka shiga kuma ba su daɗewa. Makarantun da suka fi jin jiki su ne na gwamnati da ke unguwannin talakawa. A birnin Niyu Yok kaɗai yaran makarantun gwamnati sun kusa miliyan ɗaya, mafi yawansu ƴaƴan marasa ƙarfi ne da ƴaƴan baƙin haure. Kun ga ashe ciwon nan da ya kwashe mana malamin kimiyya, har a birnin da ya fi kowane kuɗi yana nan.

A 2004 ya kafa ƙungiya mai suna Math for America, wato lissafi domin Amurka. Gidauniyar da shi da matarsa Marilyn suka kafa tun 1994 ta yi alkawarin dala miliyan 25, a 2006 aka ninka. Da fari sun bi hanyar da kowa zai fara tunani: a nemo matasa da suka karanta lissafi, a biya musu karatun koyarwa, a ba su ƙarin kuɗi na shekara biyar, su shiga aji. Da tafiya ta yi tafiya sai suka mayar da ƙarfinsu wani waje. Suka ga cewa a cikin makarantun nan da ake ta kushewa akwai malamai gwanaye da suka riga suka daɗe suna aiki, ba wanda ya san da su, kuma su ne ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Zuba ruwa a tulu mai huji aikin banza ne, sai suka koma toshe hujin.

Ga yadda tsarin ya kasance. Malamin da ya yi ƴan shekaru yana koyarwa a makarantar gwamnati ta birnin zai nemi shiga. Za a duba ko ya san darasinsa da gaske, a karanta abin da ya rubuta game da aikinsa, a zauna da shi a ji yadda yake bayani. In an ɗauke shi, yana nan a makarantarsa da ajinsa, ba a ɗauke shi a kai ofis, gwamnati na ci gaba da biyan albashinsa. Ƙungiyar kuma ta ɗora masa dala 15,000 kowace shekara har shekara huɗu, jimla 60,000. A kuɗinmu abin ya kai miliyan 8 zuwa 9 na sefa a shekara. Kada kuɗin ya ruɗe ku, a can albashin sabon malami ma ya haura dala 60,000 a shekara, kuma hayar ɗaki tana cinye babban rabo. Abin lura shi ne ƙarin bai kai albashi ba, amma ya isa ya sa mutum ya sake tunani kafin ya ajiye alli. In shekara huɗun ta cika yana iya sake nema. A 2013 aka buɗe ƙofa ga malaman kimiyya, har adadin malaman da ke cikin shirin ya kai wajen dubu, kimanin ɗaya cikin goma na masu koyar da lissafi da kimiyya a makarantun gwamnatin birnin.

Amma ni a ganina ba kuɗin ne ya fi burge ni ba. Sharaɗin da aka ɗora wa malaman shi ne su riƙa haɗuwa bayan an tashi daga makaranta, su zauna su yi lissafi tare, wannan ya nuna yadda yake koyar da kaso, wancan ya kawo matsalar da ta gagare shi. Yawancin waɗannan zama malaman ne da kansu ke jagoranta, wani lokaci a gayyato masanin jami'a. Duk wanda ya taɓa zama malamin lissafi shi kaɗai a gari ya san darajar wannan. Na yi shekaru ba ni da wanda zan tambaya in wani lissafi ya shige mini duhu. In na yi kuskure a allo, kuskuren nan zan maimaita baɗi, ba mai gyara mini. Kaɗaici yana korar malami kamar yadda yunwa ke korarsa, sai dai shi ba a rubuta shi cikin rahoto.

Akwai kuma batun mutunci. A shekarun nan a Amurka abin da ake yayi shi ne a auna malamai da sakamakon jarrabawar yara, a nemo raggo a kore shi. Simons ya sha faɗa cewa in ana ta dukan marasa ƙoƙari, masu ƙoƙarin ma zuciyarsu na mutuwa su tafi, gara a nemo na kirki a ɗaukaka su. Ba a ce da malamin nan kai jahili ne zo mu gyara ka ba, an ce da shi kai gwani ne, zauna, ga abin da zai taimake ka. Har gwamnati ta yi koyi: a 2013 jihar Niyu Yok ta buɗe nata shirin a kan wannan tsari, da kuɗin baitulmali, dala 15,000 a shekara har shekara huɗu, domin malaman sauran garuruwan jihar. A wurina wannan ita ce babbar nasarar mai taimako, ya fara abu da aljihunsa har hukuma ta ji kunya ta ɗauka.

Ba zan ɓoye muku inda shirin ke da rauni ba. Ƙungiyar na cewa malamanta ba su barin aiki kamar sauran, amma mai hankali zai ce ai dama waɗanda suka fi son aikin aka zaɓa, wataƙila wasunsu ko ba a ba su komi ba za su zauna. Sa'an nan shiri ne da ke riƙe gwani inda yake, ba ya ɗaukar gwani ya kai shi makarantar da ba ta da kowa. Kuma malaman nan duk suna birni guda, jirgin ƙasa zai kai su wurin taro cikin awa ɗaya. Mu kuwa tsakanin malami da malami sai a yi kilomita 80 na rairayi.

Wata hanyar da masu kuɗi ke bi ita ce kyauta mai tsoka ga mutum ɗaya. Sunny Varkey, attajiri ɗan asalin Indiya mazaunin Dubai, mai tarin makarantun kuɗi, gidauniyarsa ta fara ba da kyautar gwarzon malamin duniya a 2015, dala miliyan ɗaya. A watan Maris na 2019 kyautar ta faɗo wa Peter Tabichi na Kenya, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Malamin lissafi da fizik ne a sakandaren Keriko da ke ƙauyen Pwani a yankin Nakuru, wuri mai fama da fari. Mabiyin ɗariƙar Faransiskan ne ta Kirista, ya baro makarantar kuɗi da ƙafarsa ya zo ta talakawa, yana kuma ba da kashi 80 cikin 100 na albashinsa ga mabukata. A lokacin, makarantar kwamfuta ɗaya gare ta, malami guda na fuskantar yara 58, wasu yaran na taka kilomita 7 kafin su iso. Duk da haka ƙungiyar kimiyya da ya raya a makarantar ta kai yaransa ga cin gasa ta ƙasa, har suka samu gurbi a gasar duniya a Amurka.

Na ji daɗin wannan labari, na kuma yi ta ba yarana shi. Ya nuna wa duniya cewa ɗan ƙauye mai tafiya ba takalmi zai kara da ɗan kowa in ya samu malami. Amma ku lura, an ba Tabichi kyauta ne bayan ya riga ya yi aikin. Kyautar ba ita ta kai shi Pwani ba, ba ita ta zaunar da shi ba. Kuma ba za a gina ilimin ƙasa a kan mutanen da ke iya sadaukar da kashi 80 na albashinsu ba. Shi ba ya da iyali saboda alkawarin ɗariƙarsa. Malaminmu na da mata da ƴaƴa da tsohuwa a gida. Dala miliyan ɗayan nan, in an bi lissafin Simons, za ta riƙe malamai 16 har shekara huɗu a Niyu Yok, a nan kuwa Allah kaɗai ya san ko nawa. Ban ce kyautar banza ce ba, ta ɗaga darajar alli a idon mutane. Amma in an ba ni zaɓi na san wadda zan ɗauka.

A kusa da mu akwai hanya ta uku, ta horo. Cibiyar lissafi ta Afirka da ake kira AIMS, wadda masanin fizik Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe reshe a Limbe ta Kamaru a 2013. Daga baya gidauniyar Mastercard, mai mazauni a Kanada, ta ba da kuɗi aka yi shirin horar da malaman lissafi na sakandare a Kamaru tare da ma'aikatun ilimi na ƙasar, aka kuma yi irinsa a Ruwanda. A nan Nijar ma tsofaffin malamai za su tuna shirin SMASSE, wanda ya faro a Kenya a 1998 ya iso mana a 2006. Shi ba kuɗin attajiri ba ne, taimakon gwamnatin Japan ne, amma darasinsa ya shafi maganarmu: an koya wa malamai su sa yara su yi gwaji da hannunsu, da abin da ke kusa, gwangwani da gorar roba da waya da batir, maimakon a jira akwatin da zai zo daga Turai. Da malamin da ya bar mu ya zauna, da gorar roba kaɗai ya fi ɗakin nan namu mai kwano amfani.

Sai dai horo shi kaɗai yana da nasa tarko. Ka horar da malami ya ƙware, ba ka gyara zamansa ba, to ka gyara shi ne domin birni. Takardar shaidar da ka ba shi ita zai nuna a nemi canjin wuri. Kuma shiri na da ranar ƙarewa. In shekara uku ko biyar ta cika, motocin su tafi, kuɗin zama ya tsaya, taron malamai ya mutu.

Kun san halin da muke ciki. Tun 1998 ƙasar nan ta shiga ɗaukar malaman kwantaragi, har suka zamo su ne mafi yawa a makarantun firamare, da ɗan abin da ake ba su wanda sau da yawa ba ya zuwa kan lokaci. A 2017 aka yi musu jarrabawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, aka sallami dubbai. Mutane suka yi ta zagin malamai. Ni kuwa na ce, wa ya koyar da su? Su ma yaran ajin da ba malamin lissafi ne. Kuma ba wanda ya tambaya, shi kashi ɗayan da ya ci, me aka yi masa don ya zauna? A lise, yaran da ke shiga seri C ta lissafi ƴan kaɗan ne, daga cikinsu kuma za a fitar da injiniya da malamin gobe. In birni na kukan ƙarancin malamin lissafi, to ku yi tunanin makarantar da ke Tadres ko arewacin Dakwaro.

Biyan malami haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Kada taimakon kowa ya zama dalilin da za ta zame kafaɗa. Simons ma bai biya albashin kowa ba, ɗori ya yi a kan albashi. Amma kafin hukuma ta motsa, mu me ke hannunmu?

Iyayena, abin da attajirin nan ya gano bayan ya kashe miliyoyi, kakanninmu sun san shi da sunan habbanaye. In ɗan'uwa ya rasa garke, ba a yanka masa sa ya ci yini ɗaya. Ana ɗaure masa karsana, ta zauna hannunsa ya sha nono, ta haihu sau biyu ko uku bisa ga al'adar wuri, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gidanta. Ba sadaka ba ce mai sa mutum sunkuyar da kai, amana ce tsakanin mutum biyu masu mutunci, kuma tana ɗaukar shekaru. Wanda aka ba ma yana kula da saniyar nan fiye da nasa. To me zai hana a ɗaure wa malamin lissafi habbanaye? Malamin da ke da akuya biyar da karsana a garin da yake koyarwa, da nono kowace safiya ga ƴaƴansa, ba ya kwana yana rubuta takardar neman canji. In ya cika shekara huɗu ƴaƴan dabbobin nasa ne, ko zai zauna ko zai tafi. In ya tafi kafin lokaci, dabba ta koma hannun wanda ya gaje shi. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda karsana ɗaya ba za ta rage musu komi ba, kuma akwai ƴaƴanmu ƴan kasuwar shanu da ke kai kaya har Legas.

Na san za a ce, in an bai wa malamin lissafi an hana na faransanci da na tarihi, ba za a haddasa gaba a makaranta ba? Tambaya ce ta gaskiya, ni ma ba na raina darasin kowa, yaron da bai iya karatu ba ai ba zai karanta tambayar lissafi ba. Dalili ɗaya ne ya sa na ce a fara da shi: shi ne ya fi wuyar samu, shi ne ya fi saurin tafiya. In abin ya kama, a faɗaɗa. Wani kuma zai ce, wa zai zaɓa? In aka bar zaɓi a hannun dangantaka, ɗan wane da surukin wane, to gara kada a fara. A sa tsofaffin malamai biyu ko uku daga wani gari su zauna a ajin mutum su ga koyarwarsa, a tambayi iyaye ko yana zuwa aiki, a duba littattafan yara. Kuma a sanar da hukumar ilimi ta yankin tun da fari, don kada ranar da muka ɗaure masa karsana ta zama ranar da takardar canjinsa ta iso.

Batun kaɗaici ma da maganinsa. Ranar kasuwa motoci na zuwa daga ko'ina. Malamai biyar ko shida na yanki guda za su iya haɗuwa sau ɗaya a wata a garin kasuwa, abin da ake bukata kuɗin mota ne da tuwon rana da allo, jika kaɗan. Tsakanin haɗuwa kuma ga wayar salula, inda layi ke kamawa mutum zai ɗauki hoton lissafin da ya gagare shi ya aika wa ɗan'uwansa. Ni na ɗauki alkawarin zama da su kyauta muddin ƙafata na iya hawa mota.

Ga masu zuwa mana da taimako daga waje kuwa, ina roƙon shugabanninmu, in wani ya zo ya ce zai gina aji ko ɗakin gwaje-gwaje, ku yi masa godiya, domin yaranmu da yawa a rumfar zana suke karatu, kuma mun san abin da gobara ta yi a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021. Amma kafin a sa hannu ku tambaye shi, wa zai koyar a ciki, ina zai kwana, kuma cikin kuɗin nan nawa aka ware masa, har shekara nawa? In ya ce tsarinsu bai yarda a kashe wa malami ba, ku ba shi labarin Simons, ku ce a ƙasar da kuɗin ke fitowa ma an gwada.

Shugaba, abin da nake nema daga kwamiti a yau ƙarami ne. Kafin bisashe su hau arewa da faɗuwar damina, kowane wakili ya kawo mana sunan kolejin da yaran yankinsa ke zuwa, ko tana da malamin lissafi da na kimiyya, shekara nawa kowannensu ya yi a wurin, da ko iyalinsa na tare da shi. Da wannan takarda za mu san makaranta biyu ko uku da za a fara da su, mu kuma san ƙofar wa za mu buga neman karsana ta farko. Na ga Ardo ya ɗaga hannu tun ɗazu, bari in zauna a ba shi dama.